Ido Ya Kai, Hannu Bai Kai Ba

Kowace shekara, daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, akwai gardamar da ke tashi a tsakanin masu kallon sheƙar tsuntsu ta kamara kai tsaye. Ga ɗan tsuntsu nan, auta a cikin uku, kwana biyu bai samu ko loma ɗaya ba. Duk sanda ya ɗaga kai sai babban wansa ya sare shi a ƙeya. Uwarsu tana tsaye a gefe, ko gezau. Kai kuma da ke riƙe da waya ka san cewa a ƙasan sheƙar akwai ma'aikata, suna da tsani, suna da kifi a firji. Shin in suka naɗe hannu har ya mutu, sun yi laifi? Masu kallo da yawa cewa suke yi laifi ne, babba ma kuwa. Ma'aikatan kuma amsarsu kusan ɗaya ce kullum: ba ma shiga tsakanin halitta da aikinta.

Na shafe shekara huɗu ina bin waɗannan sheƙuna, galibi a 'yan mintocin da nake jiran kwamfuta ta gama gwada manhajar da na rubuta, kuma ina ganin kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Amma kafin a shiga shari'a, ya kamata a san wanda ake shari'ar a kansa.

Turawan Ingila na kiransa osprey. Ni zan kira shi shahon kifi, domin kusan ba ya cin komai sai kifi. Cikinsa fari ne, bayansa ruwan ƙasa mai duhu, da wani baƙin zane da ya ratsa ta idonsa kamar an ja masa kwalli. In ya buɗe fukafukai sukan kai mita ɗaya da rabi, ko su ɗara. Yakan yi ta shawagi a saman ruwa, da ya hango kifi sai ya sako ƙasa, ƙafafu a gaba, ya faɗa ruwan, wani lokaci har ya nutse gaba ɗaya. Yatsansa na waje yana juyawa baya, sai riƙon ya zama biyu gaba biyu baya, tafin ƙafar kuma yana da kaushi, don haka santsin kifi ba ya ba shi wahala. In ya tashi da kifin sai ya juya kansa ya fuskanci gaba don kada iska ta tare shi.

Kuma shi ba baƙonmu ba ne. Shahon kifin da ke haihuwa a Turai a Afirka ta Yamma yake cin hunturu. Na Birtaniya galibi a Senegal da Gambiya da Gini Bisau suke sauka, bayan tafiyar kusan kilomita 5,000. Na Jamus da Suwidin da Finlan suna bazuwa har gabas, zuwa Najeriya da Kamaru da yankin Tafkin Cadi. Wato a lokacin da muke fama da hazo da tsagewar leɓe, yana nan a kan wani busasshen reshe a bakin kogi ko madatsar ruwa, ba mai kula shi.

A ƙarshen Maris ko farkon Afrilu suke komawa. Namiji da mace kowa da tafiyarsa, a sheƙa suke haɗuwa, wani tarin itatuwa ne a ƙolin bishiya ko a kan turken da aka kafa musu. Mace takan yi ƙwai uku, tsakanin kowane biyu akwai kwana biyu zuwa uku, sannan ta yi kwanci na sati biyar da 'yan kwanaki. Su kuwa aikin namiji ne, shi zai ciyar da ita da 'ya'yan har ƙarshen lokaci. Wanda bai taɓa kallo ba zai ɗauka kullum abin mamaki ne ke faruwa. Ina! Akasarin lokaci ba abin da ke faruwa. Tsuntsuwa ce kwance, ruwan sama na gangarowa ta bayanta, iska na tayar da gashin kanta, wani lokaci ƙanƙara ta rufe ta sai kai kawai. Ta miƙe, ta juya ƙwan da baki, ta dunƙule faratanta don kada ta fasa su, ta sake kwanciya. Kana iya rufe wayar ka yi aikin awa uku ka dawo ka tarar da ita yadda ka bar ta. A cikin waɗannan makonnin na shiru ne mai kallo ke shaƙuwa da su ba tare da ya ankara ba, shi ya sa abin da ke biyo baya yake yi masa ciwo.

Kazar gidanmu ba ta fara kwanci sosai sai ta gama zuba ƙwanta, shi ya sa 'yan tsakinta ke fitowa kusan rana ɗaya, kai ɗaya. Shahon kifi kuwa tun daga ƙwan farko take farawa, don haka 'ya'yan bi da bi suke ƙyanƙyashewa. Na farko zai iya girmar na uku da kwana huɗu ko biyar, kuma a wannan shekarun, ko in ce a waɗannan kwanakin, tazarar kwana huɗu ta isa ta sa ɗaya ya ninka ɗaya. A gidan Bahaushe auta shi ne shalele. A sheƙa kuwa auta shi ne wanda za a fara sadaukarwa. In kifi ya wadata, manya su ci su ƙoshi su kwanta, shi ma ya matso ya ci, duka ukun su tashi lafiya. In aka yi kwanaki ana ruwa da iska, tafki ya gurɓace, uba ya kasa hango kifi, sai babba ya fara saran ƙarami har ya koya masa sunkuyar da kai a lokacin cin abinci. Uwa kuma bakin da ya buɗe a gabanta shi take sa wa abinci. Ba ta rabon faɗa.

Wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila, David Lack, tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ya bayyana cewa wannan tazarar tana da amfani ga tsuntsun. Iyaye ba su san ko shekarar za ta yi kyau ba a lokacin da ake yin ƙwai. Da 'ya'yan ukun ƙarfinsu ɗaya ne, to a shekarar yunwa sai su raba ɗan abin da aka samu daidai, su rame tare, wataƙila su mutu tare. Da yake akwai babba da ƙarami, yunwar sai ta taru a kan ɗaya, biyu su tsira. Mu ma a aikin manhaja muna da irin wannan dabarar. In jama'a suka yi wa na'ura yawa, mukan tsara ta ta watsar da wasu buƙatun da gangan, don kada ta durƙushe gaba ɗaya kowa ya rasa. Wanda aka watsar da tasa buƙatar zai ce manhaja ta lalace, wanda ya rubuta ta kuwa ya san aikinta take yi daidai. Sai dai buƙatar da aka watsar ba ta jin yunwa, ba ta rawar sanyi. Fahimtar dalilin abu ba ta rage wa auta ko ƙwayar zarra na wahalarsa, kuma ba na son a yi amfani da ilimi a rufe wannan.

To, ma'aikatan da ke cewa ba sa shiga tsakani suna da hujjoji masu nauyi. A Birtaniya dokar 1981 ta haramta damun wannan tsuntsu a sheƙarsa sai da lasisi. Hawa tsani na nufin korar uwa daga kan 'ya'yanta, a bar su cikin sanyi, ga hankaka na jira. In 'ya'yan sun fara girma, tsoro na iya sa su diro ƙasa tun fukafukansu ba su yi ƙwari ba. Sannan ko ka ciyar da auta yau, gobe fa? Kifin da ya yi ƙaranci bai ƙaru ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kalmar da suke fakewa da ita, wai halitta ce, a bar ta. Duk wanda ya san tarihin tsuntsun nan a Birtaniya ya san hannun mutum ya cika shi. Mutane ne suka ƙarar da shi: masu gadin gandun farauta suka harbe, masu tara ƙwai don ado suka kwashe, masu cusa wa fatar tsuntsu auduga su ajiye a falo suka saye. Zuwa 1916 ya daina haihuwa a Sikotlan. A 1954 wasu biyu suka dawo da kansu suka yi sheƙa a kusa da tafkin Loch Garten, ɓarayin ƙwai suka sake taso su a gaba. Sai ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta sa gadi dare da rana, ta naɗe gindin bishiyar da waya mai ƙaya. A 1959 jami'inta George Waterston ya yi abin da mutane suka ɗauka ganganci ne: maimakon ɓoye sheƙar, sai ya buɗe wa jama'a su zo su kalla daga nesa. Mutum 14,000 suka zo a wannan shekarar. Tunaninsa shi ne abin da idon jama'a ke kai ya fi wuyar sata, kuma kamarorin yau jikokin wannan shawarar ne. Daga 1996 zuwa 2001 an ɗebo 'ya'ya 64 daga sheƙunan Sikotlan aka kai su tafkin Rutland a tsakiyar Ingila aka sake su a can, don su ɗauki wurin a matsayin gida. Tafkin kansa mutum ne ya tare shi. Sheƙuna da dama a yau turaku ne da aka kafa da ƙarfe da kusoshi. Ana hawa a sa wa 'ya'yan zobe a ƙafa, a auna nauyinsu. Wanda ya gina ɗaki, ya kawo masu kwana a ciki, ya maƙala kamara a kan gado, da wuya ya ce shi ɗan kallo ne kawai.

Waɗanda suka fi zurfin tunani a cikinsu sukan gyara maganar. Sukan ce: ɓarnar da mutum ya yi muna gyarawa, wadda yanayi ya kawo muna bari. In zaren ƙugiya ya naɗe ƙafar ɗan tsuntsu, a hau a kwance. Lokacin da wani ya je cikin dare a ƙarshen Afrilun 2021 ya sare turken sheƙar tafkin Brenig a Wels da zarto mai inji, bayan mace ta yi ƙwan farko, ba wanda ya ce a bar halitta ta yi aikinta. Wannan iyakar ta fi ma'ana. Amma su kansu ba koyaushe suke tsayawa a kanta ba.

A watan Yunin 2012 an tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a tsakiyar Wels, har da ambaliya. A bakin kogin Dyfi akwai sheƙar wani namiji da ake kira Monty da macensa Nora, da 'ya'ya uku sabbin ƙyanƙyasa. Biyu suka mutu. Na ukun, wanda daga baya aka sa wa suna Ceulan, ya galabaita har ya kasa ɗaga kai ya roƙi abinci. Ga kifi a sheƙa, ga uwa a shirye, amma ita bakin da ya buɗe kawai ta sani. Da an bar shi, da ya mutu a gefen abinci. Ba mutum ne ya jawo ruwan ba, don haka bisa ƙa'idar da aka faɗa, sai a zura ido. Ma'aikatan suka kawo tsani, suka sauko da shi, suka ɗura masa 'yan gutsattsarin kifi har ya farfaɗo, suka mayar da shi kafin awa guda ta cika. Da Nora ta dawo, ya buɗe baki, ta ci gaba daga inda suka tsaya. Ya girma, ya tashi, aka ɗaura masa na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam, a watan Satumba ya kama hanyar Afirka.

Irin wannan ya sake faruwa. A Mayun 2021, a kwarin Glaslyn da ke arewacin Wels, namijin sheƙar ya ji rauni a fiffike ana cikin guguwa, ya kasa su. Masu kula suka riƙa ajiye kifi kusa da sheƙar. 'Ya'yan uku duk suka mutu, amma iyayen suka rayu, suka sake haihuwa a shekarar da ta biyo. A 2024 kuma, a tafkin Arkaig na Sikotlan, namijin da ake kira Louis ya daina kawo isasshen kifi, sai aka ɗauke 'ya'yansa biyu aka haɗa su da shirin mayar da tsuntsun gabashin Sifaniya.

A ganina duk sun yi daidai, kuma sun yi daidai a sauran lokutan da suka ƙi hawa. Dalili kuwa, abin da suka yi amfani da shi ba ƙa'ida ba ce da za a rubuta a allo, awo ne. Ceulan ya rage shi kaɗai, ba ɗan'uwan da za a tauye, matsalarsa ta rabin awa ce, kuma a lokacin sheƙunan Wels ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Auta na uku a sheƙar da kifi ya yi ƙaranci lamarinsa daban ne. Mai yin wannan awon dole ya kasance a wurin, ya san ƙarfin iskar ranar, ya san halin uwar, kuma ya zama shi zai ɗauki alhaki in abin ya ɓaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da za su daina cewa ba ma taɓa halitta, su ce mun auna mun ga hawa zai fi bari ɓarna, da sun fi faɗin gaskiya.

Yanzu sai mu masu kallo, don namu laifin ya fi ɓoyuwa, da yake rigar tausayi ya sa.

A wurin aikinmu akwai babban allo da ke nuna lafiyar na'urorinmu. Abin da aka sa wa ma'auni shi ke yin ja, shi ke tayar da mutum da tsakar dare. Abin da ba a sa wa ba zai iya ruɓewa wata shida ba wanda ya sani. Duk mai wannan sana'ar ya san cewa allon ba ya nuna abin da ya fi muhimmanci, yana nuna abin da wani ya zaɓa a auna ne. Kamarar sheƙa ma haka take. Wani ne ya ɗaura ta, ya saita ta a kan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma ba, kuma duk tausayinmu a cikin wannan tabarmar yake zuba.

Dubi kifi. Sau da yawa a rana uba na saukowa da shi, wani lokaci da ransa, yana bugun 'ya'yan da wutsiya. Uwa ta taka shi ta fara yaga daga baki, yana numfashi. A kan kamara ɗaya ake yin wannan, a gaban ido ɗaya, kuma abin da masu kallo ke yi shi ne murna, Louis ya kawo babba yau. Daga Afrilu zuwa Agusta sheƙa ɗaya takan cinye ɗaruruwan kifaye. Ban taɓa jin wanda ya nemi a hau tsani a ceci ko ɗaya ba. Ba ina cewa a tausaya wa kifi kamar ɗan tsuntsu ba ne. Ina nuna cewa abin da ke motsa mu ba yawan wahala ba ne. Wanda muka ga fitowarsa daga ƙwai, wanda ke da ido biyu a gaba da suna, shi ne namu.

Sunan ma wani tarko ne. Da zarar an ce Monty da Nora, sai mu ɗauko labarin gidajenmu mu jingina musu: miji nagari, mata mai haƙuri, aure har mutuwa. Alhali ba sa ƙaura tare, ba sa cin hunturu tare, sheƙar ce kowannensu ke komawa. Da Aila, macen Louis da mutane suka shaƙu da ita a zaman kullen korona na 2020, ba ta dawo ba a 2021, a wannan shekarar ya samu wata. A Loch Garten an taɓa yin namiji mai suna Henry da ya iso a makare ya tarar macensa ta yi ƙwai da wani, ya sa ƙafa ya watso su waje. Wannan ba kishi ba ne irin namu, kamar yadda shirun uwa ba rashin imani ba ne. Amma wanda ya ɗauke su mutane a watan Afrilu dole ya yanke musu hukuncin mutane a watan Yuni. A 2014, a cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka, kamara ta nuna wata uwa tana saran 'ya'yanta tana hana su abinci. Saƙonnin fushi suka yi ta zuwa, ana zagin tsuntsuwar, ana zagin ma'aikata. Daga baya cibiyar ta kashe kamarar. Tsuntsayen ba su san an yi ba. Abin da fushin ya cimma kawai shi ne ya rufe idon masu fushin.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi ga abin da nake faɗa, kuma bai kamata in tsallake shi ba. A 1972 masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya kawo misalin mutumin da ke wucewa ya ga yaro na nutsewa a kududdufi marar zurfi. Kowa ya yarda dole ya shiga ya ciro shi ko da kayansa za su ɓaci. Singer ya ce to nisa ba ya canja komai, yaron da ke mutuwa a wata nahiya haƙƙinsa ɗaya ne da na gabanka. In haka ne, me ya sa mai kallo daga Kano ko Maraɗi ba zai matsa a ceci auta a Wels ba? Amsar ita ce misalin kududdufi yana tsaye ne a kan abubuwa biyu: ka tabbata ceton alheri ne tsantsa, kuma ka san abin da zai ci. A sheƙa, mai kallo daga nesa bai mallaki ko ɗaya ba. Kamara ta kai idonsa wurin, ta bar saninsa da hannunsa a gida. Mu a sana'armu mukan ba wani izinin duba bayanai ba tare da izinin sauya su ba, kuma ba raini ne ke sa mu yin haka ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Inda nake jin tsoro shi ne kada darasin sheƙa ya tsallako cikin mutane. Wanda ya saba cewa haka halitta take, babba ya ci ƙarami ya jira, zai iya faɗin haka a kan almajirin da ke ƙofar gidansa, kuma a nan ƙarya ce. Yunwar auta a sheƙa wani ɓangare ne na yadda tsuntsun ke rayuwa tun fil'azal, kuma uwarsa ba ta da zaɓi. Yunwar yaro a gari mai kasuwa cike da hatsi shawarar mutane ce. Sannan waya ta koya mana wata ɗabi'a mai ban tsoro, wadda ita ce kishiyar abin da ke faruwa da masu kallon sheƙa. A can, mutanen da hannunsu bai kai ba suna ihu a yi wani abu. A nan, mota ta kife a bakin titi, mutanen da hannunsu ya kai sun zagaye ta suna ɗaukar bidiyo. Kamara ce ta raba ido da hannu a duka biyun, kuma na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba, domin shi ne ainihin kududdufin Singer.

Ceulan ya isa arewacin Senegal lafiya, ya ƙetare teku da Sahara shi kaɗai yana ɗan wata uku da 'yan kwanaki. Ya zauna a yankin Kogin Senegal. A watan Disamba na wannan shekarar ta 2012 na'urarsa ta nuna wani abu ya faru, aka bincika, aka gano ya sarƙe a ragar masunta ya mutu.

Wasu sun ce ka ga ni, wahalar banza aka yi. Ban yarda ba. Watannin da ya yi yana tashi da su a sararin sama ba banza ba ne ga mai rai. Masuncin ma ba shi da laifi, abin da Monty ke yi wa 'ya'yansa shi yake yi wa nasa, a ruwa ɗaya, a kan kifi ɗaya. Abin da mutuwar Ceulan ta nuna shi ne inda haɗarin yake. Akasarin 'ya'yan da suka tashi daga sheƙa lafiya ba sa dawowa Turai. Wasu iska ke kaɗa su cikin teku, wasu hamada ke cinyewa, wasu wayar lantarki, wasu bindiga, wasu tsohuwar ragar roba da aka yar a ruwa tana ci gaba da kamu ba mai ita. Duk wannan a wajen tabarmar kamara yake faruwa, ba mai kuka, ba mai aika saƙo. Mun san labarin Ceulan ne kawai saboda akwai na'ura a bayansa.

Wani ɓangare na wannan wajen kuwa a ƙasarmu yake. Dausayin Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen Turai ke sauka kowace shekara, ya ragu tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Tafkin Cadi ba ya kusa da girman da yake da shi a shekarun 1960. Masunta da manoma da makiyaya su suka fara ɗanɗana wannan kafin kowane tsuntsu, kuma ruwan da zai rayar da su shi ne zai rayar da shi. Ni da nake ƙona data ina kallon sheƙar Wels, zan iya hawa mota in isa irin waɗannan wuraren a yini ɗaya, in ga tsuntsun da idona ba gilashi a tsakani. A can ina da ido ba hannu. A nan akwai hannu, akwai ƙuri'a, akwai harshen da zan yi magana da masunci ya gane, sai dai ba wanda ya ɗaura kamara.

'Ya'yan sukan fara tashi suna da sati bakwai zuwa takwas. A watan Agusta uwa ce ke fara tafiya, ba sallama, wata safiya kawai sai a ga ba ta dawo ba. Uba ya ci gaba da kawo kifi, 'ya'yan na dira a sheƙa suna ihu suna ƙwace. Sannan su ma su ɓace ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, ba wanda ya nuna masa hanya, kuma da yawansu ba su taɓa kama kifi da kansu ba kafin ranar. Uba yakan zo da kifi ya tsaya a sheƙa yana dube-dube, in ba wanda ya zo karɓa sai ya cinye abinsa, bayan kwana ɗaya ko biyu shi ma ya bi kudu. Kamarar takan ci gaba da nuna tarin itatuwa da hankaki masu tsintar ƙaya, har a kashe ta. Ɗan da ya tsallake Sahara ba ya komawa Turai a shekarar da ke biye. Yakan zauna a nan wajenmu har ya kusa cika shekara biyu, yana koyon su a ruwan da ya zaɓa, kuma in ya rayu, wannan bakin ruwan zai riƙa dawowa kowane hunturu, sau da yawa a kan bishiya ɗaya.